Idan magenka ta yi aman jini, ba kwament za ka zauna jira ba

Ka tashi da safe, ko saƙonnin wayarka ba ka gama dubawa ba, sai ka ji wannan kakarin daga bayan kujera. Duk mai kiwon mage ya san shi. Ka ɗauko tsumma kana mita, don a zatonka irin aman da ta saba ne, ɗan curin gashi ko ciyawar da ta tsinka a tsakar gida. Kana duƙawa sai ka ga ja a ciki. Ka sake dubawa da kyau, jini ne.

To me za ka fara yi? Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu hoto za mu ɗauka. Zuwa nan babu laifi, hoton ma zai yi amfani. Inda matsalar take shi ne wurin da hoton yake zuwa: sitatus ko guruf, da rubutun "Don Allah jama'a me zan ba ta?" Kafin minti goma an cika ka da shawara. Wannan ya ce manja, wancan ya ce madara, wata ta ce a jiƙa mata rabin Panadol, wani kuma ya turo dariya ya ce ai mage rai tara gare ta, ka kwantar da hankalinka. Kai kana zaune kana karantawa, ita tana can ƙarƙashin gado ta dunƙule, lokaci yana ta tafiya.

Kiwon mage ya shiga ran matasa a 'yan shekarun nan. Ka leƙa TikTok ko Instagram ka ga 'yan mata da samari da magensu, daga 'yar gida mai zane-zane har zuwa mai dogon gashin nan da ake kira 'yar Farisa. An raɗa mata suna, an saya mata ƙararrawar wuya. Duk wannan ba laifi. Amma ranar da ta yi aman jini ne za a san ko kiwonta kake yi ko bidiyo kawai kake ɗauka.

Jinin jikinta bai kai yadda kake zato ba

Fara da wannan lissafin. Mage tana da jini kusan mililita 60 a kowane kilo ɗaya na nauyinta. Babbar mage mai kilo 4 ke nan tana da kimanin mililita 240 a duk jikinta. Ledar fiya wata mililita 500 ce, wato jinin magenka gaba ɗaya bai cika rabin leda ba. Idan 'yar ƙarama ce mai kilo ɗaya, jininta duka bai wuce cokalin cin abinci huɗu ba. Saboda haka abin da kai kake gani a ƙasa kana cewa ai ɗan kaɗan ne, a wurinta ba kaɗan ba ne. Kuma wanda ya fito ta baki shi kaɗai ka gani, wanda ke tsiyaya a ciki ba ka gan shi ba.

Ga wani abu kuma: mage gwanar ɓoye ciwo ce. Ɗabi'arta ce tun asali, don a daji dabbar da ta nuna rauni ita ake fara farauta. Ba za ta yi ta kuka tana nuna maka inda ke mata ciwo ba. Lungu za ta nema ta kwanta shiru. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan shirun a matsayin sauƙi, alhali sau da yawa alama ce ta jiki ya fara gazawa.

Duba launin, yana da abin da yake faɗa

Ɗauko tishu fari ka dangwali aman. Wani lokaci za ka tarar miyar tumatir ce ko manjan da ta lasa a kicin, sai ka yi hamdala. Idan kuwa jini ne, lura da kamanninsa.

Ja jawur, ko zirin ja a cikin kumfa, yana nuna sabon jini ne. Yakan fito daga baki, maƙogwaro, hanyar da abinci ke bi, ko tumbin da ke zubar da jini yanzu-yanzu. Idan kuma baƙi-baƙi ne ko ruwan ƙasa mai tsaki-tsaki, kamar ganyen shayin da ya kwanta a ƙasan kofi, to jinin ya jima a tumbi har ruwan narkar da abinci ya canja masa kala. Wannan shi mutane suka fi rainawa saboda bai yi kama da jini ba, kuma shi ne yakan nuna gyambo a ciki. Leƙa inda take kashi. Kashi baƙi mai danƙo kamar kwalta, shi ma jini ne da ya bi ta hanji.

Ka kuma lura ko amai ne ko tari. A amai za ka ga cikinta yana kartawa kafin abu ya fito. A tari kuwa takan miƙe wuya ta duƙa ƙasa tana fitar da iska da ƙarfi. Jinin da ya biyo tari daga huhu ko hanyar numfashi yake, kuma shi ma na gaggawa ne. Idan ba ka iya bambancewa ba, ɗauki bidiyo. A nan ne ƙwarewarka ta riƙe kyamara za ta yi rana.

Abin da ya fi jawo shi a gidajenmu

Na farko da za ka tambayi kanka: an sa maganin ɓera a gidan nan ko a maƙwabta cikin makon nan? Ka san yadda ake yi, a barbaɗa shi a kan busasshen kifi ko ragowar abinci a ajiye a lungu. Wa ya fi mage son kifi? Ko ba ta ci tarkon ba, tana iya cin ɓeran da ya ci, musamman idan ba ɗaya ta ci ba.

Magungunan ɓera kala-kala ne. Akwai masu hana jini daskarewa. Aikinsu shi ne su hana jiki sarrafa bitamin K, wanda hanta ke buƙata don haɗa sinadaran da ke tsayar da jini. Mugun halinsu shi ne ba sa nuna kansu nan take. Mage za ta ci yau ta ci gaba da wasanta, sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini ya fara ɓallewa ta hanci, ta dasashi, cikin amai, cikin kashi, ko can cikin ƙirji inda ido ba ya gani. Shi ya sa in likita ya tambaye ka, kada ka tsaya kan abin da ya faru jiya kawai, ka tuno har makon da ya wuce.

Akwai kuma baƙin garin nan mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Shi da zarar ya haɗu da ruwan tumbi sai ya saki iska mai guba. Wannan iskar tana fitowa da aman, kuma tana iya cutar da kai kanka. Idan ka ji irin wannan warin, buɗe taga da ƙofa, fitar da yara, kada ka kai hancinka kusa. Sai kuma dabarar da wasu ke yi ta fasa kafson Indocid a cikin abinci don kashe ɓera. Indocid maganin ciwon jiki ne na mutane, yana cinye bangon tumbi har ya yi gyambo ya zubar da jini, kuma abin da yake yi wa ɓera shi zai yi wa mage. Fiya-fiya da Sniper kuwa alamarsu daban ce: dalalar miyau, karkarwa, amai, zawo da sarƙewar numfashi, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan.

Na biyu, magungunan da ke kan durowarka. Ibuprofen, diclofenac, asfirin, duk dangin Indocid ne, suna iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda ga mage. Wani lokaci ƙwaya ce ta faɗi ƙasa ta yi wasa da ita ta haɗiye. Wani lokaci kuma mai ita ne ya ba ta da hannunsa saboda tausayi.

Na uku, abin da ta haɗiye. Ƙayar kifi da ƙashin kazar da aka dafa suna tsagewa su yi tsini, su karce maƙogwaro ko su soki hanji. Amma wanda ya fi su haɗari shi ne zare: zaren ɗinki, zaren kitso, ulu, robar ɗaure gashi, igiyar buhu. Harshen mage yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon ciki, don haka in zare ya shiga bakinta da wuya ta iya tofar da shi. Sau da yawa bakin zaren yakan naɗe a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce cikin hanji. Hanji yana ta ƙoƙarin tura shi, shi kuma ya ƙi tafiya, sai hanjin ya tattare a jikinsa kamar yadda wando ke tattarewa a jikin mazagi, zaren ya riƙa yanka shi. Idan gidanku akwai tela ko mai kitso, ka sa wannan a ranka.

Na huɗu, cututtuka. Tsutsar ciki tana wahalar da ƙananan kyanwoyi. Akwai wata cuta mai saurin yaɗuwa da likitoci ke kira panleukopenia, tana kama 'ya'yan mage da ba a yi wa rigakafi ba, da amai da zawo, wani lokaci da jini, kuma tana kashewa da sauri. A tsofaffin mage kuma akwai ciwon ƙoda, ciwon hanta, kumburin hanji da ƙari a tumbi. Haka nan ciwon dasashi, rauni a baki, ko bugun mota da jifa, duk suna iya sa ta haɗiyi jini ta amayar.

Kana ganin jerin nan ka san babu wanda zai kalli hoto a waya ya ce maka ga wanda ya same ta. Ko likitan ma sai ya taɓa ta.

Minti biyar kafin ka fita

Ɗaga leɓenta a hankali ka dubi dasashinta. Na lafiyayyar mage ruwan hoda ne mai haske da danshi. Danna da yatsa ka saki, wurin zai yi fari, ya kamata launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Idan ka ga dasashin fari fat, ko rawaya, ko shuɗi, ko ruwan ƙasa, ba sauran jira. Haka idan tana numfashi da baki a buɗe, ko ta kasa tsayuwa, ko kunnuwanta da tafin ƙafarta sun yi sanyi, ko aman ya maimaitu, ko jinin da yawa ko da gudaji, ko cikinta ya kumbura tana ƙin a taɓa, ko kana zargin guba, ko kuma 'yar ƙarama ce. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ka tashi yanzu.

To idan ɗan ziri ne sau ɗaya, bayan ta yi ta kakari, kuma ga ta tana yawonta, dasashi lafiya? Yana yiwuwa ƙarfin kakarin ne ya ɗan karce ta. Duk da haka ka kira likita a ranar ka faɗa masa, shi zai ce ka kawo ta ko ka sa ido. Kada kai ka yanke wa kanka hukunci.

Ɗauki hoton aman a wuri mai haske. Sa leda a hannunka ka ɗebi kaɗan ka ƙulle. Idan ka samu kwalin maganin ɓeran ko takardar ƙwayar da kake zargi, tafi da su, domin sunan da ke jiki shi zai nuna wa likita makarin da zai yi amfani da shi. Tambayi mutanen gida ba tare da faɗa ba: wa ya sa wani abu a lungu, wa ya ba ta wani abu? In ka fara da masifa, kowa zai ce bai sani ba.

Ɗauke abinci daga gabanta. Lulluɓe ta da tawul, ka sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji, ka rufe da kyau. Kada ka rungumo ta a hannu ka hau acaɓa ko adaidaita sahu, ƙarar hon ɗaya za ta sa ta fizge ta bi titi. Kuma ka yi hattara, magen da ke jin ciwo tana iya cizon mai ita. In ta cije ka ko ta yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ka je asibiti, musamman idan ba a taɓa yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare ba.

Garin neman gira kada a rasa ido

Yanzu mu koma kan shawarwarin kwament ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.

Panadol, wato farasitamol: kada ka kuskura. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar mage, rabi ma bai tsira ba. Yana lalata jini har ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura. Na ruwa da ake ba jarirai shi ma haka.

Manja da madara: ba sa karya guba. Idan ka ɗura wa magen da ke amai, yana iya bi ta hanyar iska ya shiga huhu, ka ƙara mata wani ciwon a kan wanda take da shi. Madara ma yawancin manyan mage ba sa narkar da ita da kyau, zawo take sa su.

Ruwan gishiri don ta amayar: gishirin da yawa guba ne a karan kansa, kuma dabbar da ke aman jini ba ƙarin amai take buƙata ba. Tafarnuwa da albasa kuwa suna farfasa ƙwayoyin jinin mage, ita da jinin ke zuba.

Zaren da ka hango a bakinta ko yana leƙowa ta dubura: kada ka ja. Jan nan shi ne zai iya yanke hanjin. Bar shi yadda yake ka kai ta.

Sai mai cewa ka je kemis ka sayo bitamin K. Wanda ke karya maganin ɓera mai tsinka jini shi ne bitamin K1. Akwai K3 da ake samu a wasu magungunan kaji da dabbobi, ba ya yin wannan aikin. Kuma ko K1 ɗin ne, awo gare shi daidai nauyinta, ana ɗaukar makonni ana ba ta, wani lokaci har 4. In ka tsaya a hanya jinin yana iya dawowa.

Ina za ka kai ta, kuma me za a yi mata?

Da yawa suna ɗauka likitan dabbobi na shanu da awaki da kaji ne kawai. Ba haka ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, kuma ana duba karnuka da kyanwoyi. A manyan biranen jihohi akwai asibitocin dabbobi na gwamnati, ga kuma masu zaman kansu. Abin lura shi ne ba duk mai shagon maganin dabbobi ne likita ba. A Najeriya akwai hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambaya ko wanda zai duba ta likita ne.

Zai tambaye ka yaushe abin ya fara, sau nawa ta yi, me ta ci, tana fita waje ko a'a. Faɗi gaskiya. In ka riga ka ba ta Panadol ko manja, ka faɗa, ba kotu ka je ba. Ɓoyewar ce za ta sa ya bi hanyar da ba ita ba. Zai auna zafin jikinta, wanda a lafiya yake tsakanin digiri 38 zuwa 39 da ɗoriya kaɗan, ya duba baki da ƙarƙashin harshe, ya lallatsa ciki. Yana iya neman gwajin jini, gwajin kashi ko hoton ciki. Daga nan sai magani: ƙarin ruwa, allurar tsayar da amai, maganin kare bangon tumbi, makarin guba in akwai, ko tiyata idan abu ne ya maƙale.

Bayan kun dawo gida, ka sa ido kan cin abincinta. Magen da ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, hantarta tana iya taɓuwa. In ta ƙi ci, koma wurin likita, kada ka ce bari mu ga gobe.

"Mage ce fa za ka kai asibiti?"

Na san wannan maganar tana jiranka a bakin ƙofa. Wani a gida zai ce mutane ma ba su samu na magani ba balle mage. Kuma maganar kuɗi gaskiya ce, ba wanda zai musa. Amma ka tuna abu biyu. Na ɗaya, zuwa da wuri ya fi sauƙin kuɗi. Magen da aka kai awa ɗaya ko biyu bayan ta ci guba, likita yana iya fitar da gubar kafin ta shiga jini. Wadda aka kai bayan kwana 5 kuwa, sai an yi ta fama, kuma ba lallai a ci nasara ba. Ka faɗa wa likita abin da ke aljihunka tun farko, ka roƙe shi ya fara da mafi muhimmanci.

Na biyu, wannan maganar ba ta mage kaɗai ba ce. Idan magenka ta kai ga shinkafar ɓera a gidanku, to ƙaninka mai rarrafe ma zai iya kaiwa. Lungun da ta shiga shi ma yana shiga, kuma duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Faɗa wa Mama haka ka ga ko za a sake cewa mage ce fa. A ranar a bi lungu-lungu a kwashe abin da aka ajiye.

Mu da muka taso muna jin labarin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu, da abin da ya biyo bayanta, ba sai an yi mana dogon bayani kan haƙƙin dabba ba. Kai ka kawo ta gida, kai ka saba mata da kwanonka, ba ta da wanda za ta je wurinsa sai kai.

Don haka tun yau da take lafiya, yi abin da ba zai ci maka ko sisi ba: nemo lambar likitan dabbobi mafi kusa da ku ka adana a wayarka, ka san ranakun da suke buɗewa da wanda ake kira in dare ya yi. Kwashe zare da allura da ƙwayoyi daga inda take hawa. Cire ƙaya kafin ka ba ta kifi. In ana son maganin ɓera a gida, a yi amfani da tarko. Ka kai ta a yi mata rigakafi tun tana da mako 6 zuwa 8, a ci gaba yadda likita ya tsara, a kuma riƙa ba ta maganin tsutsar ciki.

In kuma ranar ta zo ka ga jan nan a ƙasa, ɗauki hotonka, amma likita ne zai fara gani. Mu 'yan kwament muna nan ba inda za mu, ka dawo ka ba mu labari bayan ta warke.